Wa Ya Ji Abin da Alƙali Ya Faɗa?

 Abin da ke nan shi ne bayanin da na yi a filin tarihi na daren Laraba. Na ɗan gyara shi don takarda, na kuma ƙara abubuwan da agogo bai bar ni na faɗa a iska ba.

Wani dattijo ne ya tayar da maganar. Ya bugo waya daga Djougou a filin gaishe-gaishe, ya gama gaishe da 'ya'yansa na Malanville da na Kamba, sai ya ce yana da tambaya. Ya ce, ɗana, ku da kuke kawo mana ƙwallon Turai kai tsaye har muna jin ihun mutanen da ba mu sani ba, me ya hana ku kawo mana kotu? Ashe yana da shari'ar fili da aka ɗaukaka ƙara, takardu sun tafi Parakou, shi kuma ƙafa ta yi nauyi, ba ya iya zirga-zirgar kilomita sama da 130 duk ranar da aka sa. Abin da ke iso masa shi ne abin da ɗan ƙanensa ya ce lauya ya ce alƙali ya ce. Na yi dariya, na ce Baba ka ba ni mako biyu. Da na koma gida kuwa tambayar ta hana ni sakat.

Bari mu faro daga baya. Garuruwan nan biyu, Parakou da Djougou, hanyar goro ce ta raya su. Ayarin fatake kan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya ƙetare Kwara, ya biyo ta Nikki, ya sauka Parakou, ya wuce Djougou, ya nufi Salaga ta ƙasar Gonja. Kanwa da tufafi da fatu su tafi, goro ya dawo. Inda dukiya ta taru haka rigima ba ta rasa: bashin da aka ci bara, jakin da ya mutu a hannun ɗan haya, huhun goro da aka kwance aka tarar ya ci. Irin wannan magana a zauren fatoma ake fara ta, madugu na zaune. In ta ƙi ƙarewa a kai ga liman ko babban 'yan kasuwa, irin mai riƙe da sarautar Baparapé a Parakou. In ta fi ƙarfinsu sai fada, wurin Akpaki a Parakou, ko Kilir a Djougou. Wato hawa-hawa ne, kamar ɗaukaka ƙarar yau.

Ba na cewa adalci ya cika a wancan zamani. Bawa da ɗa ba bakinsu ɗaya ba, mace da baƙon da ba shi da maigida haka nan. Abin da nake nunawa ɗaya ne: ana yin shari'ar da harshen kasuwa, Dendi ko Hausa, a gaban duk wanda ya ga dama ya tsaya. Babu takarda, babu kaset, amma akwai kunnuwa talatin. In bayan shekara biyar wani ya ce ba haka aka yanke ba, sai a kira waɗanda suka ji.

A ƙarshen 1894 Lugard na Ingila da Decoeur na Faransa suka yi tseren isa Nikki, kowa da takardar da yake so sarki ya dangwala wa hannu. Yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ta raba ƙasar Borgu biyu, Nikki ga Faransa, Busa ga Ingila. Shi ya sa yau mai sauraronmu na Kaiama yake da kotu mai Turanci, ɗan'uwansa na Nikki yake da mai Faransanci, alhali kakansu ɗaya.

A ɓangarenmu, dokar 10 ga Nuwamba 1903 ce ta tsara kotunan Afirka ta Yamma ta Faransa. Talaka yana da kotun ƙauye, da ta lardi, da ta kumandan. Ƙananan laifuka ma ba a kai su kotu, kumandan ne ke jefa mutum gidan kaso da bakinsa, a ƙarƙashin dokar da ta ba shi ikon hukunta 'yan ƙasa ba shari'a, wadda ba a soke ba sai 1946. To, ina babbar kotun ɗaukaka ƙara take? Tana Dakar. Hukunci mai nauyi in an yanke shi a nan, takardarsa ake aikawa can, wasu alƙalai da ba su taɓa ganin mai laifin ba su duba, su tabbatar ko su rushe. Mutumin yana kulle a Parakou, maganarsa tana Dakar, cikin harshen da bai sani ba. Kuma abin da ke cikin takardar nan, abin da tafinta ya ce ya faɗa ne. Tsofaffinmu har yau in suna labarin zamanin Nasara, tsoron tafinta ya fi tsoron kumandan fitowa a bakinsu, don kumandan kunne ɗaya gare shi, kuma tafinta ne ke riƙe da shi. Ka ga ashe abin da Baban Djougou yake kuka da shi ba yau ya fara ba.

Rediyo ya zo Kwatano a 1953. Shekara ɗaya bayan haka, a can Faransa, aka yi shari'ar wani tsohon manomi mai suna Gaston Dominici, wanda aka tuhuma da kashe wasu Turawan Ingila uku. Masu ɗaukar hoto suka cika ɗakin kotu, walƙiyar kyamara ta hana kowa natsuwa. Majalisar Faransa ta yi doka ranar 6 ga Disamba 1954, ta hana shiga kotu da kyamara ko na'urar naɗar murya. Da muka samu 'yanci a 1960, da irin wannan tarbiyya alƙalanmu da lauyoyinmu suka taso: ƙofa a buɗe take, kowa ya shigo ya zauna, amma murya ba ta fita. Su Faransawan sun sassauta daga baya. A 1985 suka yarda a riƙa naɗar manyan shari'u don ajiyar tarihi, aka naɗi ta Klaus Barbie a 1987, a ƙarshen 2021 kuma suka ƙara buɗe hanya. Mu da muka gaji rigar, mun fi mai ita riƙe ta.

Ranar da ƙasar nan ta fara jin manyanta suna amsa tambaya, ba a kotu ba ne. Ni ba a haife ni ba a 1990, amma duk gidan da ka shiga a Zongo ka tambayi mai shekara 50, zai gaya maka inda yake zaune a kwanaki goman nan, daga 19 zuwa 28 ga Fabrairu. Bankuna sun durƙushe, albashi ya yi watanni bai fito ba, malamai da ɗalibai na yajin aiki. Janar Mathieu Kérékou, wanda ke mulki tun 26 ga Oktoba 1972, ya kira taron ƙasa a otal ɗin PLM Alédjo na Kwatano, wakilai kusan 500, Monsanyo Isidore de Souza na shugabanta. Tsofaffin shugabanni na ciki, har da Hubert Maga ɗan Parakou. Aka saki taron a rediyon ƙasa kai tsaye.

Wannan shawara ta sakin taron a iska, ni a ganina, ita ce rabin nasararsa. Abin da ake raɗa a ɗaki, game da mutanen da aka tsare a Ségbana da barikin Séro Kpéra na nan Parakou, da dukiyar da ta salwanta, sai ga shi ana faɗa da rana tsaka, kowa na ji. Ranar 25 ga wata wakilai suka ce ikon ƙasa yana hannunsu, abin da suka yanke ya zama doka. Jama'a suka riƙe numfashi, don soja na nan da bindigoginsu. Ranar 28 Kérékou ya hau mumbari ya ce ya yarda. Da a ɓoye aka yi, da ana iya cewa gobe ba haka aka faɗa ba. Amma mai shayi na Djougou ya ji, direban Malanville ya ji, masu sauraro a Togo sun ji. Shekara mai zuwa Nijar ta yi nata, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, André Salifou na shugabanta, mutanen Gaya da Maraɗi da Damagaram manne da akwatinsu suna jin maganar ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy.

Tsarin mulkin 11 ga Disamba 1990 ya haifar da Kotun Tsarin Mulki mai alƙalai bakwai, ta fara aiki a 1993, Elisabeth Pognon na shugabanta. Ya kuma ba kowane ɗan ƙasa damar kai ƙara gabanta da kansa. Ga wani labari da nake so ƙwarai. A 1996 Kérékou ya dawo ta hanyar ƙuri'a. Ranar 4 ga Afrilu, wurin rantsuwa, ya tsallake kalmomin da suka ambaci ruhin kakanni, saboda addininsa bai yarda da su ba. 'Yan kalmomi ne, cikin daƙiƙa biyu an wuce su. Amma an yi rantsuwar ƙasa na sauraro. 'Yan ƙasa suka rubuta wa kotu, kotu ta ce rantsuwa ba ta cika ba, ranar 6 ga wata shugaban ƙasa ya dawo ya sake ta daga farko. Ban ɗauki ɓangare a maganar addinin ba, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Abin lura shi ne, dokar da ta ba talaka ikon ƙara ba ta da amfani in bai ji abin da aka faɗa ba.

Sai dai ita kanta wannan kotu, shekara 25 ta yi tana aiki a bayan ƙofa. Ka aika takarda, wata rana ka ji hukunci. A Yunin 2018 Joseph Djogbénou ya zama shugabanta, aka gyara ƙa'idojinta, aka fara zama a bainar jama'a, mai ƙara ya zo ya yi bayani da bakinsa. Abin yabo ne. Amma a cikin watan nan dai kotun ta juya hukuncin da magabatanta suka yanke a Janairu, ta amince a hana wasu ma'aikata, irin na asibiti da na shari'a, yajin aiki. Masu suka suka tuna wa jama'a cewa sabon shugaban tsohon lauyan Shugaba Patrice Talon ne, kuma tsohon ministansa na shari'a. Buɗe ƙofa bai sa kowa ya gamsu ba, ya dai sa mutane sun ga abin da suke gardama a kai.

A tsakanin nan, dokar tsara kotuna ta 27 ga Agusta 2002 ta tanadi kotunan ɗaukaka ƙara uku: Kwatano, Abomey da Parakou. Ta Parakou ce ke ɗauke da arewa duka, Borgou da Alibori da Atacora da Donga. Daga Dakar zuwa Kwatano, daga Kwatano zuwa Parakou, tafiya ta ragu sosai. Amma wanda ke Malanville har yanzu yana da kilomita wajen 300 a gabansa, kuma in bai gamsu ba, Kotun Ƙoli tana Porto-Novo, can ƙarshen kudu.

Yanzu mu zo ga abin da ni ma na ji da kunnena. A 2010 kamfanin ICC-Services ya rushe. Ya karɓi kuɗin ajiyar jama'a da alkawarin ribar da hankali ba zai ɗauka ba, yana biyan na farko da kuɗin na baya. An ƙiyasta mutane wajen 150,000 da kuɗi sama da biliyan 150 na Sefa. Aka sauke ministan cikin gida, aka kama babban mai gabatar da ƙara na Kwatano, sannan maganar ta yi shekara takwas tana jan ƙafa. Ranar 17 ga Disamba 2018 aka buɗe shari'ar a sabuwar kotun laifukan tattalin arziki da ta'addanci, CRIET, a Porto-Novo, kuma aka bar gidajen rediyo suka ɗauka kai tsaye.

Ina makarantar aikin jarida a lokacin. Wallahi ban taɓa ganin gari ya koma aji ɗaya haka ba. A kasuwar Arzèkè (sunan nan arziki ne, ba sai an fassara wa Bahaushe ba) tela ya rage ƙarar kekensa, 'yan zem sun toshe kunne da waya suna jiran fasinja, in mai gabatar da ƙara Gilbert Togbonon ya jefa tambaya sai ka ji an ce kai! Wanda ya yi boko yana fassara wa na kusa da shi da Dendi. Matan da ba su taɓa taka kotu ba suka san bambancin wanda ake tuhuma da mai ba da shaida, suka san lauya yana iya tsayar da tambaya. Tsofaffin ministoci da manyan jami'ai suka zo suna bayani. A farkon Fabrairu 2019 aka yanke wa manyan kamfanin shekara goma-goma. Mafi yawan masu ajiya ba su ga kuɗinsu ba, amma sun ji yadda aka ci shi.

To, a nan fa sai mu yi wa kanmu gaskiya. Sunan tsohon shugaba Boni Yayi, ɗan Tchaourou, ya yi ta fitowa a bakin waɗanda ake tuhuma, shi kuma a lokacin yana cikin manyan 'yan adawa, zaɓen majalisa na Afrilun 2019 na tafe. Magoya bayansa suka ce don shi aka kunna makirufo. Masu mulki suka ce don talakawan da aka cuta ne. Ban shiga zuciyar kowa ba. Abin da na sani shi ne, shekara uku bayan haka kotun nan ta yi shari'ar Farfesa Joël Aïvo, ta ba shi shekara 10, sannan ta Reckya Madougou, tsohuwar minista 'yar Parakou, mai sunan da kunnenmu ya sani tun zamanin ayari. An kwana ana zaman, da asubar 11 ga Disamba 2021 aka yanke mata shekara 20 a kan tuhumar da ta shafi ta'addanci. Hukuma ta ce akwai hujja, lauyoyinta suka ce siyasa ce. Abin da ya iso mana nan, rahotannin 'yan jarida ne da bayanin lauyoyi a bakin ƙofa. Har yau in gardamar ta tashi a majalisar shayi, kowa abin da aka gaya masa yake maimaitawa. In mai mulki ne zai riƙa zaɓen ranar da za a kunna da ranar da za a kashe, to makirufon nasa ne.

Wani abu kuma: lokacin shari'ar ICC-Services, hukuncin CRIET ba shi da ɗaukaka ƙara irin ta sauran kotuna. Kotun Afirka ta kare haƙƙin ɗan Adam da ke Arusha, a ƙarar Sébastien Ajavon, ta ce ranar 29 ga Maris 2019 wannan ya saɓa wa haƙƙi. A 2020 aka gyara doka, aka yi wa CRIET sashen ɗaukaka ƙara.

Mu leƙa maƙwabta, tunda rabin masu sauraronmu can suke. Ghana ta yi abin da ya fi burge ni. Bayan zaɓen 2012 Nana Akufo-Addo ya ƙalubalanci nasarar John Mahama a Kotun Ƙoli, kotu ta yarda a watsa zaman a talabijin da rediyo. Wata da watanni ana tambayar shaidu a kan takardun sakamakon rumfuna, tashoshi na fassarawa da harsunan gida. Wasu da suka yi wa kotu baki a rediyo aka kira su, har aka ɗaure wasu na 'yan kwanaki. Ranar 29 ga Agusta 2013 alƙalai tara, William Atuguba na gaba, suka tabbatar da Mahama. Akufo-Addo ya ce bai yarda da hukuncin ba amma ya karɓa, ƙasa ta kwana lafiya. Mutanen da suka bi muhawarar tun daga farko, hukunci bai faɗo musu daga sama ba.

Najeriya ta bi ta wata hanya. A 2023 Atiku Abubakar da Peter Obi suka roƙi kotun ƙararrakin zaɓen shugaban ƙasa, wadda alƙalan kotun ɗaukaka ƙara biyar ke zama a kanta, ta bari a watsa zaman. Ranar 22 ga Mayu kotun, Mai shari'a Haruna Tsammani na shugabanta, ta ƙi, ta ce babu ƙa'idar da ta tanadi haka. Amma ranar hukunci, 6 ga Satumba, aka kawo kyamarori, aka yi awa wajen 12 ana karatu, har hotunan masu gyangyaɗi suka cika Facebook. Wato an hana ka ganin girki, an kira ka cin tuwo. Wanda bai ji hujjojin ɓangarorin biyu ba, me zai auna hukuncin da shi?

Maganar Kano ta fi kowace nuna amfanin naɗi. Ranar 20 ga Satumba 2023 kotun zaɓen gwamna ta karanta hukuncinta ta Zoom, alƙalan ba su zauna a ɗakin ba. Ta cire wa Abba Kabir Yusuf ƙuri'a 165,663, ta ce Nasiru Yusuf Gawuna ne ya ci, aka sa dokar hana fita. Ranar 17 ga Nuwamba kotun ɗaukaka ƙara a Abuja ta karanta nata, duk wanda ke wurin ya ji ta kori ƙarar Abba. Bayan kwanaki sai ga kwafin hukuncin mai hatimi ya fito, a ƙarshensa akwai layukan da ke cewa an yanke don Abba, har an ba shi naira miliyan ɗaya kuɗin ɗawainiya. Baki ya faɗi ɗaya, takarda ta faɗi biyu. Magatakardan kotu ya ce kuskuren rubutu ne. Kano ta ɗauki zafi, aka yi zanga-zanga, kowane gefe na ɗaga takardar. Sai ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta mayar wa Abba kujerarsa. Yanzu ku ɗauka ba gwamna ba ne, manomi ne na Djougou, babu 'yan jarida, babu manyan lauyoyi goma a bayansa. Wa zai ce ba abin da aka karanta ke nan ba?

Akwai masu cewa kyamara tana ɓata kotu, kuma ba shirme suke faɗa ba. Shaida yana iya jin tsoro in ya san ƙauyensu na ji. Yarinyar da aka ci zarafinta ba za a sa muryarta a kasuwa ba. Maganar aure da gado ta cikin gida ce. Lauya yana iya mance alƙali ya koma yi wa jama'a wasa. Kuma mun san yadda ake yanko daƙiƙa 20 daga magana mai tsawo a yaɗa a WhatsApp. Ko a shari'ar kisan Thomas Sankara da aka buɗe a Wagadugu a Oktoban 2021, iyalai sun roƙi a naɗa don tarihi, kotun soja ta ƙi.

Amma ku duba, mafi yawan wannan tsoro na kotun farko ne, inda shaidu ke tsayawa. A ɗaukaka ƙara galibi lauyoyi ne da alƙalai, ana gardama ko an karanta doka daidai, ko an auna hujja daidai. Shi ya sa ƙasashe da dama daga sama suka fara. Kotun Ƙolin Amurka tana naɗar muryar zamanta tun 1955, ta fara sakin ta kai tsaye a Mayun 2020 lokacin korona, kuma ba ta daina ba, ko da yake har yau ba ta yarda da kyamara ba. Kotun Ƙolin Ingila da kyamarori ta fara aiki a 2009, kotun ɗaukaka ƙararsu ta biyo a 2013. Matakin da ya fi nisa da talaka, wanda kuma maganarsa ke ɗaure ƙananan kotuna, shi ne ya fi sauƙin buɗewa. Gaskiya zai yi gundura. A tsarinmu lauyoyi takardu suke miƙawa, a ɗage, a sake ɗagewa, a ce an ajiye don nazari. Ba wanda zai bar ƙwallo don wannan, sai wanda filinsa ke ciki.

Akwai kuma dalilin da ya shafe mu, mu 'yan jarida. A Disamban 2019 Ignace Sossou ya halarci wani taro a Kwatano, mai gabatar da ƙara Mario Mètonou ya yi jawabi, shi kuma ya rubuta wasu kalamansa a Twitter. Aka kama shi, ranar 24 ga Disamba aka ba shi wata 18 a ƙarƙashin dokar sadarwar zamani, aka ce ya raba maganar da muhallinta. Daga baya ƙungiyar RSF ta fito da muryar da aka naɗa a taron, ta jera ta da abin da ya rubuta, ta ce kalmomin sun yi daidai. A Mayun 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta Kwatano ta rage hukuncin, ya fito ranar 24 ga Yuni bayan wata shida. Ba a ɗakin kotu aka yi jawabin ba, amma duk ɗan jaridar da ke zama a bencin baya da biro da littafi ya ɗauki darasi. In na fito na ce alƙali ya ce kaza, gobe aka ce ban ji daidai ba, da me zan kare kaina?

Sannan harshe. Tsarin mulki ya ce Faransanci ne harshen hukuma, da shi ake shari'a. Ko an saki zaman kotun Parakou a iska gobe, Baban Djougou ba zai gane ba sai na fassara masa, sai abokan aikina sun fassara da Dendi da Baatonum da Yom da Fulatanci. Kun ga ke nan mun koma kujerar tafintan kumandan. Ba na jin daɗin wannan kwatanci, amma haka yake. Ni ma ina iya kuskure, ina iya son wani gefe, ana iya kirana a waya. Bambancin da zai iya shiga tsakanina da tafintan da shi ne a ce asalin muryar tana ajiye a wurin magatakarda, duk wanda ya ga na karkata ya je ya nema ya saurara, ko ya sa ɗansa mai boko ya saurara masa. Shi ya sa in an ba ni zaɓi tsakanin watsawa kai tsaye da ajiya, ajiya zan fara ɗauka. Abin da ake buƙata ba shi da tsada: na'urar naɗi a ɗakin zama, ƙa'ida rubutacciya da ta faɗi irin shari'un da ake rufewa da dalilin rufewa, da ikon masu shari'ar su karɓi kwafi. Ma'aikatar shari'a da hukumar HAAC mai kula da kafofin yaɗa labarai da ƙungiyar lauyoyi, su ne za su zauna a kai. Mu tasha ba mu da ikon shiga da makirufo don mun ga dama.

Da mako biyun suka cika na bugo wa Baba kafin shiri, na gaya masa abin da na samo, na ce ba zan iya kawo masa kotu a akwatinsa ba. Na ba shi shawarar ya sa lauyansa ya karɓo masa kwafin duk abin da aka yanke, ya sa mutum biyu da ba su san juna ba su karanta masa. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko kaset ɗin taron 1990 yana nan har yanzu, don shi a Gaya yake fatauci lokacin, rabin ranar ƙarshe kawai ya kama. Na ce zan tambayi manyanmu na rediyon ƙasa. An sa shari'arsa bayan salla, ɗan ƙanen nasa ne zai sake zuwa.